Tambaya da Amsa: Ina su Sony da Sharp suka shiga, wa ke riƙe da kasuwar talabijin yanzu?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon na tattara tambayoyin da suka shafi talabijin ne na haɗa su waje ɗaya, don na lura kowa da inda ya ɓullo wa maganar amma in ka bi ta a hankali duk gida ɗaya take komawa. Wasu tambayoyin na ɗan rage musu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni dattijo ne, shekaruna sun haura 60. Lokacin muna samari in aka ce talabijin to Sony ake nufi ko National ko Sharp ko Toshiba, duk 'yan Japan. Kwanan nan na tashi saya wa iyali sabuwa sai na ga sunayen da ban taɓa ji ba, su TCL da Hisense, ga Samsung da LG sun cika ko'ina. Wai ina waɗancan suka shiga ne, karyewa suka yi?

AMSA: Wa'alaikumussalam Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Abin da ka tuna haka yake, zamanin talabijin mai ƙeya kasuwar a hannun Japan take, kuma da guminsu suka same ta. Sony ta fito da Trinitron a 1968, hotonta ya fi na kowa haske da tsabta, har ta kai mutum zai ƙara kuɗi da son ransa don dai ya ga sunan nan a goshin akwatin. National ɗin da ka ambata kuwa ai ita ce Panasonic, kamfani ɗaya ne mai suna Matsushita, a 2008 ne suka ajiye tsohon sunan gaba ɗaya. Su ma kansu Japanawan wasu suka ture kafin su hau, don kafin su Amurka ce ke da manyan sunaye irin RCA da Zenith. Sashen talabijin na RCA ya ƙare a hannun Thomson ta Faransa a 1987, Zenith kuma LG ta sayi mafi yawan hannun jarinta a 1995.

To me ya kayar da su? Ni dai in za a tambaye ni da kalma ɗaya zan ce gilashi. Talabijin mai ƙeya aikin gwaninta ce, wanda ya fi iya ƙera kwalbar nan ta ciki da daidaita kalarta shi ke cin kasuwa, kuma wannan ilimi ne da ake tarawa shekara da shekaru, ba a sayensa dare ɗaya. Da aka koma talabijin ta bango sai lissafin ya juye kwata-kwata, don yanzu abu mafi tsada a jikinta shi ne faifan gilashin da hoto ke fitowa a kai, shi kuma ba a yinsa ɗaya-ɗaya, wani ƙaton faranti ake yi a masana'anta sannan a yanka shi gida-gida kamar yadda tela ke yanka yadi, duk wanda farantinsa ya fi girma shi zai fitar da gilasai da yawa a aiki ɗaya, nasa ya fi araha kenan. Masana'anta ɗaya tak irin wannan tana cin biliyoyin daloli kafin ta fitar da ko gilashi ɗaya. Kaga maganar ta tashi daga wa ya fi iyawa ta koma wa ya fi ƙarfin aljihu da ƙarfin zuciyar zuba kuɗi ko da kasuwa ta faɗi.

A nan ne kan Japanawa ya rabu. Panasonic da Pioneer suka zuba ƙarfinsu a kan filasma, wato ɗaya daga cikin nau'o'in gilashin talabijin ta bango, kuma a gaskiya hotonta ya yi kyau ƙwarai, wanda ya taɓa ganin Kuro ta Pioneer ya san abin da nake faɗa, amma filasma tana shan wuta, tana da nauyi, ba ta yin kyau a ƙananan inci, ita kuma LCD, ɗaya nau'in gilashin mai fitila a baya, kullum ƙara girma take tana ƙara sauƙi. Pioneer ta sanar da barin harkar a 2009, Panasonic ta daina filasma a 2014 bayan ta tafka asara mai yawa a masana'antunta na Amagasaki. Sony kuma daɗin cinikin Trinitron ne ya shagaltar da ita, lokacin da ta farga ba ta da babbar masana'antar gilashi tata ta kanta, dole ta je ta haɗa jari da Samsung a 2004 suka kafa S-LCD a Koriya ta Kudu, wato abokiyar gabarta ce ke yi mata abu mafi muhimmanci a jikin kayanta. Sashen talabijin na Sony ya yi shekara 10 cur a jere yana faɗuwa kafin ya dawo riba.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Sharp, saboda ita ta hango daidai. Tun 2001 ta fito da Aquos, ta gina masana'antar Kameyama a 2004, a lokacin har alfahari ake da a ce gilashin Kameyama ne a talabijin ɗin mutum, sannan ta gina wata gagarumar a Sakai wadda ta fara aiki a 2009. Sai dai ta buɗe ne daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe bayan rikicin 2008, ga kuɗin Japan ya yi tsada wanda ya sa kayansu suka yi nauyi a waje, ga bashin ginin yana kanta. Ƙarshe Foxconn ta Taiwan ta saye ta a 2016, ita kuma masana'antar Sakai ta daina yin manyan gilasan talabijin a 2024. Toshiba ma da rikicin kuɗi ya taso mata ta amince ta sayar wa Hisense ta Chaina kashi 95 cikin 100 na sashen talabijin ɗinta a 2017.

Su kuma Koriyawa, Samsung da LG, ba su tsaya ba, kasuwa ta yi daɗi suna gini, ta yi ɗaci suna gini. A 2006 Samsung ta fito da wata mai suna Bordeaux, siririya mai kyan gani a falo, a shekarar ta hau matsayi na ɗaya, zuwa ƙarshen 2007 kuma cinikin LCD ya zarce na mai ƙeya a duniya. Don haka Baba ba za a ce duk sun mutu ba, Sony da Panasonic suna nan suna yin masu tsada na ƙwarai, amma kason su ya tsuke sosai, wasu kuma sunan ne kawai ya rage.

TAMBAYA: Dan Allah ka raba mana gardama ni da abokina. Shi ya ce Samsung ce ta ɗaya LG ta biyu, ni kuma na ce masa a gasar cin kofin duniya ta 2022 an ta nuna tallar Hisense a gefen fili cewa ita ce ta biyu a duniya, sai wani kuma ya shigo ya ce ai TCL ce ta biyu. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Ɗan'uwa ku ukun duka kowa ya riƙo wani ɓangare na gaskiya, abin da ya haɗa ku musu shi ne ƙirga iri biyu ake yi. Akwai ƙirgan kai, wato talabijin guda nawa kamfani ya fitar, akwai kuma ƙirgan kuɗi, wato nawa ya shigo masa. Wanda ya sayar da ƙanana guda 5 ya fi wanda ya sayar da babba guda 1 a ƙirgan kai, amma a kuɗi mai babbar na iya ninka shi.

Ta kowane ɓangare dai Samsung ce a gaba, tun 2006 take riƙe da kambun. A alƙaluman kamfanin bincike na Omdia na 2024, in aka bi ta kuɗi Samsung na da wajen kashi 28 cikin 100, LG wajen 16, TCL wajen 12, Hisense sama da 10 kaɗan, Sony kuma wajen 5. Abokinka a nan ya tsaya. In kuma aka bi ta yawan kai sai jerin ya sauya, Samsung ba ta kai 18 ba, TCL wajen 14, Hisense wajen 12, LG ta koma ta huɗu. Tsakanin TCL da Hisense kuwa tazarar ba ta da yawa, shekara kan juya, kuma ya danganta da wane kamfanin bincike ne ya yi ƙirgan da kuma ko an haɗa wa Hisense da Toshiba ɗin da ta saya, shi ya sa kowacce ke iya samun takardar da za ta ɗaga ta ce ni ce ta biyu.

Amma ni abin da na fi so ku duba shi ne inda abin ya dosa. Duk duniya talabijin wajen miliyan 200 ake sayarwa a shekara kuma adadin ya daɗe bai wani ƙaru ba, ma'ana duk lomar da wani ya ƙara daga bakin wani ya ƙwato ta. Samsung ta taɓa haura kashi 30 ta fuskar kuɗi, ta taɓa haura 20 ta fuskar kai, yanzu duk ta sauko ƙasa da haka. A 2024 ɗin ne ma in ka haɗa TCL da Hisense da Xiaomi, duk 'yan Chaina, yawan kayan da suka fitar ya zarce na Samsung da LG a haɗe. Kuma duniya ba kasuwa ɗaya ba ce, a cikin Chaina kanta Samsung ba a ma jin ɗuriyarta sosai, a Japan ta janye talabijin ɗinta tun 2007, can kuwa Regza ce ke cikin na gaba-gaba, ita Regza ɗin kuma sunan Toshiba ne da ke hannun Hisense.

Tallar da ka gani a fili ma tana cikin yaƙin. Hisense ta shiga ɗaukar nauyin gasar ƙasashen Turai tun 2016, ta bi da kofin duniya na 2018 da 2022, TCL kuma ta zama babbar mai ɗaukar nauyin wasannin Olamfik a 2025, jim kaɗan bayan Panasonic ta sauka daga wannan kujera da ta daɗe a kai tun shekarun 1980. Kamfanin da ake yi wa kallon mai kayan araha ba abin da yake nema kamar a saba ganin sunansa kusa da manya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Maigidana ya rantse ba zai sayi talabijin 'yar Chaina ba wai ba ta ƙarko, sai Samsung ko LG. Ni kuma ƙanena ya ce min ai gilashin Samsung ɗin ma daga Chaina yake zuwa. Da gaske ne ko yana so ya goyi bayana ne kawai?

AMSA: Hajiya barka kadai. Ƙaninki gaskiya ya faɗa miki, in dai LCD ce, wadda ita ce mafi yawan abin da ke kasuwa ko da an rubuta mata LED ko QLED a kwali. Abin da Koriyawa suka yi wa Japan shi Chaina ta yi musu, kusan sak. Kamfanin BOE na Chaina ya shiga harkar ne da sayen sashen gilashi na wani kamfanin Koriya, Hydis, a 2003, daga nan ya samu ilimin, TCL kuma ta kafa nata mai suna CSOT a Shenzhen a 2009, ga kuma wani mai suna HKC. Gwamnatocin birane irin su Hefei suka zuba musu kuɗi da fili da rance mai sauƙi, suka riƙa gina masana'antu ko ana riba ko ba a yi, har suka kai ga irin wadda farantin gilashinta ya kusa mita 3 a faɗi ya haura mita 3 a tsawo, wanda a yanka ɗaya ake fitar da gilashin inci 65 guda 8 ko na inci 75 guda 6. Da kaya suka yi yawa farashi ya zube, Koriyawa suka ga ba riba. Samsung ta sayar wa CSOT masana'antarta ta Suzhou a 2020, ta daina yin gilashin LCD gaba ɗaya a 2022. LG ma ta rufe nata na talabijin a gida a ƙarshen 2022, ta kuma ƙulla cinikin sayar da ta Guangzhou ga CSOT ɗin dai a 2024. Yanzu in Samsung na son gilashin LCD sai ta je ta saya, a Chaina ko Taiwan, wani lokacin a wajen 'yan gida ɗaya da TCL ɗin da suke fafatawa da ita a kanti. Ki tuna labarin Sony da S-LCD da na ba Baba a sama, shi ne ya maimaita kansa, sai dai wannan karon Samsung ce a kujerar mai saye.

Amma kar ki je ki ce wa maigida duk ɗaya ne, don ba ɗaya ba ne, shi ma yana da hujja. Gilashi ɗaya na iya shiga talabijin biyu hotonsu ya bambanta, saboda akwai fitilun da ke haska shi ta baya, akwai ƙwaƙwalwar da ke gyara hoton da motsi, akwai ingancin allon wutan ciki, akwai yadda aka tsananta gwaji kafin kaya su bar masana'anta, sannan uwa-uba akwai garanti da samun kayan gyara in ta samu matsala. A nan tsofaffin kamfanoni suna da abin da suka tara. Sai dai kuma abin da mutane ke mantawa, kowane kamfani yana da na sama da na ƙasa. Samsung mafi araha an matse ta ne ta ko'ina don ta iya gogayya da 'yan Chaina a farashi, ita kuma TCL ko Hisense ta sama an zuba mata abin da sau da yawa ba za ki samu a Samsung mai kuɗi ɗaya da ita ba. Wallahi yana damuna in ga mutum ya tara kuɗinsa da ƙyar ya je ya sayi mafi ƙanƙantar daraja a babban suna yana ganin ya sayi ƙarko. Ku kwatanta samfuri da samfuri, ku duba lambar da ke bayanta, ku tambayi shekara nawa ne garantin da wa zai gyara, wannan ya fi muku amfani a kan tambayar wace ƙasa.

TAMBAYA: Na sayi Toshiba, da na duba takardar ciki sai na ga sunan wani kamfani daban. Jabu aka sayar min?

AMSA: Ba lallai ba ne ɗan'uwa, mai yiwuwa ma halastacciya ce. Hayar suna ake yi. Toshiba a yawancin duniya Hisense ce ke da ita, a Turai kuma Vestel ta Turkiyya ta daɗe tana ƙera talabijin da sunan, ita Vestel ɗin ta yi wa su JVC da Hitachi ma. Philips ta Holan ta miƙa sashen talabijin ɗinta ga TPV tun 2012, bayan shekara biyu ta sakar mata gaba ɗaya. Sharp ma ta taɓa ba Hisense hayar sunanta a nahiyar Amurka a 2015 haɗe da masana'antarta ta Meziko, daga baya ta yi nadama har suka je kotu, sai 2019 sunan ya dawo hannunta. Suna ɗaya na iya zama kamfani kaza a wannan nahiya, wani daban a waccan. In takardar garanti da lambar jikin talabijin ɗin sun yi daidai da na kwali, ka kwantar da hankalinka, sai dai ka sani ba Toshiba ɗin da iyayenmu suka sani ka saya ba, ka auna ta da abin da idonka ya gani.

TAMBAYA: Malam wani abu na ɗaure min kai. Komai na duniya tsada yake ƙarawa amma talabijin kullum girma take ƙarawa kuɗinta na raguwa in aka kwatanta da da. Ta ina kamfanonin ke cin riba?

AMSA: Madalla da wannan tambaya, ita na fi so a cikin na wannan makon. Rabin amsar mun riga mun faɗe ta, gilashi ya yi yawa, masana'antu sun yi girma, gasa ta yi zafi har ribar da ake samu a jikin akwatin kanta ta zama 'yar kaɗan, musamman a ƙanana da matsakaita. Akwai ma lokacin da farashin gilashi ya yi tashin gwauron zabi, daga tsakiyar 2020 zuwa tsakiyar 2021 da annobar korona ta zaunar da mutane a gida kowa na sayen talabijin, daga nan ya rikito har a 2022 masana'antu suka riƙa rage aiki don kar su yi ta sayarwa a faɗuwa.

Ɗaya rabin kuwa shi ne wanda ba a cika faɗa wa mai saye ba. A da in kamfani ya sayar maka da talabijin ciniki ya ƙare, sai kuma bayan shekara 7 ko 10 in za ka sake. Yanzu ranar da ka jona ta da intanet ranar cinikin ke farawa. Fuskar farko da ke buɗewa in ka kunna, tallace-tallacen da ke jere a kai kuɗi ne. Maɓallan nan na Netflix da YouTube da sauransu da ke jikin rimot, akasari yarjejeniyar kasuwanci ce ta kawo su wurin. Tashoshin kyauta irin Samsung TV Plus da LG Channels talla ke ɗauke da su. Sannan da yawansu suna da wata fasaha da ke gane abin da ke kan gilashin a kowane lokaci, ko daga dikoda yake zuwa, ta aika bayanin can, da shi ake sanin irin tallar da za a turo maka. Shi ya sa kowa ya dage sai ya mallaki manhajar da ke tafiyar da talabijin ɗinsa, Samsung na da Tizen, LG na da webOS wadda ta saya daga HP a 2013, Hisense na da VIDAA, Sony da TCL kuma sun fi jingina da ta Google, ga Roku da Fire TV na Amazon su ma suna neman shiga kowane falo.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne Vizio ta Amurka. Ta kai matsayin da ribar da take samu daga talla da bayanan masu kallo ta zarce wadda take samu daga sayar da talabijin ɗin kansu, kuma a 2024 Walmart, wato babban kamfanin kantunan nan, ya saye ta a kan dala biliyan 2.3, kowa kuma ya san tallar ya biyo. Ita dai Vizio ɗin a 2017 sai da ta biya dala miliyan 2.2 bayan hukumomin Amurka sun tuhume ta da tattara bayanan abin da mutane ke kallo ba tare da izininsu ba. Ni ban ce a guji talabijin mai intanet ba, amfaninta a fili yake, amma ina roƙon duk wanda ya sayi sabuwa kar ya yi ta danna na yarda na yarda don ya ƙosa ya ga hoto, ya tsaya ya karanta, ya shiga wajen saiti ya kashe abin da ya shafi bin diddigin kallo da tallar da aka keɓe masa. Gidanka ne, iyalinka ne ke zaune a gabanta, kana da haƙƙin sanin me ke fita daga ciki.

TAMBAYA: Yaya, ni ɗalibi ne kuma ina bin labaran fasaha. Me ya bambanta OLED da QLED, kuma a ganinka 'yan Chaina za su iya sauke Samsung daga ta ɗaya?

AMSA: Ƙanena, sunayen sun yi kama amma abubuwan sun yi nisa da juna. A OLED kowane ɗigon hoto shi ke ba da haskensa, in wuri baƙi ne sai ɗigon ya mutu gaba ɗaya, shi ya sa baƙinta ke fita wuluk kuma take da siranta. Matsalarta tsada, da kuma yiwuwar tambarin da ya daɗe a wuri ɗaya ya bar tabo, ko da yake an rage wannan sosai. QLED kuwa LCD ce dai mai fitila a baya, aka ƙara mata wani shimfiɗi da ke ƙara wa kala ƙarfi. Asalin rabuwar kasuwanci ce. Sony ce ta fara sayar da OLED a 2007, 'yar ƙarama mai inci 11, amma LG ce ta iya yin babba da yawa, ta fito da mai inci 55 a 2013. Samsung ta gwada a shekarar ta janye, ta koma ta fito da sunan QLED a 2017 ta yi ta sukar OLED, sai ga shi a 2022 ta dawo da irin nata OLED ɗin, daga 2023 kuma har gilashin LG take saya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda wuta ta matso su, manyan abokan gaba biyu sun koma ciniki da juna.

Dabarar Koriyawa ita ce su bar wa Chaina ƙasa su riƙe sama, inda riba take. Inda lissafin ya fara ba su matsala shi ne 'yan Chaina ba su tsaya a ƙasan ba. TCL ta fito da Mini-LED tun 2019, wato LCD mai dubban ƙananan fitilu a baya da ake kunna su ana kashewa yanki-yanki, baƙinta bai kai na OLED ba amma ya matso, haskenta kuma ya fi, sannan suka haɗa da girma, inci 85, 98, 100, har TCL ta yi mai 115. Mai saye ya shiga kanti da kuɗinsa, a nuna masa OLED mai inci 65 a nuna masa Mini-LED da ta fi ta girma nesa ba kusa ba a kuɗi kusan ɗaya, mutane da yawa girman suke ɗauka, kuma babban gilashin LCD a hannun wa yake? Ba kowace sabuwar fasaha ce ke juya kasuwa ba, an yi ta hayaniyar 3D daga 2010 zuwa 2017 ta mutu, an yi mai lanƙwasa ta wuce, 8K ma, wato mai tsananin yawan ɗigon hoto, har yau ba ta samu karɓuwa ba don babu abin kallo da yawa a kanta, amma girma a farashi mai sauƙi abu ne da ido ke gani tun daga bakin ƙofa.

A ganina, ta fuskar yawan kai abu ne mai yiwuwa ƙwarai nan da 'yan shekaru TCL ko Hisense ta kamo Samsung, kuma na fi ba TCL dama saboda tana da gilashi a gida, Hisense saye take kamar kowa. Ta fuskar kuɗi kuwa da sauran tafiya, tazarar na da faɗi, suna da yarda da aka gina cikin shekara 20 ba sa rushewa da wuri, ga kuɗin talla da ke shigo wa Samsung daga miliyoyin talabijin ɗinta da ke cikin gidaje. Akwai kuma harajin shigo da kaya da rikicin kasuwanci tsakanin Amurka da Chaina, wanda ya sa dukkansu suke harhaɗa kaya a wurare irin Meziko da Biyetnam da Folan don su kusanci masu saye.

Tunda kana bin labarai, ga wanda za ka sa wa ido. A watan Janairun 2026 Sony da TCL suka sanar da shirin kafa kamfanin haɗin gwiwa da zai karɓi harkar talabijin da kayan sauti na gida na Sony, TCL na da kashi 51, Sony 49, kayan za su ci gaba da fita da sunan Sony da Bravia, ana sa ran fara aiki a 2027. In ya tabbata, TCL ta samu abin da ta daɗe tana nema, wato ƙwarewar Sony wajen gyara hoto da sunan da mutane ke biyan kuɗi mai yawa dominsa, a daidai ɓangaren masu tsadan da Samsung da LG suka ja daga.